Manomi ya shiga inshora, amma ya san abin da ya saya

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Dan Allah a ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan inshorar amfanin gona da ta dabbobi, don na lura duk lokacin da aka yi fari ko ambaliya sai jaridu su cika da hotunan gonaki ruwa ya shanye su da mushen shanu a yashe, a yi ta jaje, a yi ta kiran gwamnati ta kawo ɗauki, bayan sati biyu kuma an koma wani labarin, alhali shi manomin da abin ya faɗa wa a lokacin ne ma wahalarsa take somawa. Ni ina goyon bayan manomi da makiyayi su shiga inshora, ina goyon baya ƙwarai, sai dai ba irin shigar da za a dangwala maka hannu a takardar da ba ka san me ke cikinta ba.

Mutane da yawa ba su gane yadda damina ɗaya tak ke karya gida ba. Mutum ya ci bashin taki da iri, ya yi huɗa ya shuka, ya yi noman farko ya yi maimai, masara ta yi kore shar har ta fara goyo, sai ruwa ya ɗauke sati uku. Ka shiga gonar da hantsi ka ga ganye ya nannaɗe ya yi toka-toka, ka ɓare goyon ka ga ƙwaya jefi-jefi, wani ma totuwa ce zalla. Da kaka ya tashi da rubu'in abin da ya saba samu, ga mai bashi a ƙofar gida ga iyali. To me zai yi? Awaki ne za su fara tafiya kasuwa, sai tumaki, in abin ya ci tura a kai shanun huɗa, daga nan a cinye irin da aka ajiye don baɗi, ƙarshe a jinginar da gonar. Shekara ta zagayo Allah Ya ba da damina mai albarka, kowa na murna, shi kuwa ba shanu ba iri ba mai ba shi bashi, sai dai ya tafi ƙwadago gonar wani. Ruwan sati uku ne ya yi batan dabo amma mutumin nan zai iya shekara biyar bai miƙe ba, wani ma har 'ya'yansa su gaji karayar.

Na makiyayi ma ya fi muni. In fari ya yi tsanani kowa kasuwa yake nufa da dabbobinsa a lokaci guda, saniya ta rame haƙarƙari a waje, dillali ya faɗi abin da ya ga dama, shi kuma hatsi da dusa a lokacin suke tashi. Wanda ya ƙi sayarwa yana jiran ruwa sai ya wayi gari saniya ta kwanta ta kasa tashi, a taru a ɗaga ta, gobe ta kuma kwantawa, jibi shi ke nan. Kuma garke ba ya dawowa da wuri, cikin saniya wata tara ne, maraƙa kuma sai ta yi shekara uku ko huɗu kafin ta haihu. A yankin Ƙahon Afirka damina biyar a jere ta gaza tsakanin 2020 da 2023, dabbobi miliyoyi suka mutu a Somaliya da Habasha da Kenya, iyalan da suka gaji kiwo kaka da kakanni suka koma zaman sansani suna jiran tallafi.

Akwai kuma asarar da ba a ɗaukar hotonta, wadda ni a ganina ta fi yawa. Manomin da ya san kuskure ɗaya zai kai shi ƙasa ba ya yarda ya zuba jari. Zai sa rabin takin da gonar ke bukata, zai ƙi ingantaccen iri don tsada, zai ƙi faɗaɗa gona ko da yana da ƙarfin yi, sai 'yan boko su zauna a ofis su ce ai manoma ba sa son ci gaba, alhali lissafi ne ya yi kuma lissafinsa daidai ne. Masu bincike sun gwada wannan a arewacin Ghana, wasu manoman aka ba su kuɗi a hannu, wasu aka ba su inshorar ruwan sama, sai aka tarar waɗanda ke da inshorar su ne suka fi ƙara kashe kuɗi a gonakinsu, suka nemo kuɗin da kansu. Ashe ba rashin jari kaɗai ke ɗaure wa manomi hannu ba, har da fargaba. Kenan inshora tana amfanar mutum ko a shekarar da ba a biya shi ko sisi ba, don ita ta ba shi zuciyar da ya yi noman da gaske.

Asalin abin ba wuya. Mutane da yawa kowa ya zuba ɗan kaɗan a asusu ɗaya kafin damina, wanda masifa ta samu a biya shi diyya daga ciki. Wani zai ce ai muna da dangi da maƙwabta, in abu ya samu mutum ana taimaka masa, haka ne, in gobara ta ci rumbun mutum ɗaya ko saniyarsa ta faɗa rijiya 'yan'uwa za su iya rufa masa asiri. Amma fari ba gida ɗaya yake shiga ba, wanda za ka je wurinsa rance shi ma gonarsa ta ƙone, surukinka na ƙauyen gaba shi ma haka. Fara da tsuntsayen jan baki da tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Afirka a 2016 duk haka suke, yanki guda suke sharewa. Shi ya sa dole asusun ya yi faɗi ya haɗa yankunan da ba lokaci ɗaya suke shiga matsala ba, shi ya sa kuma su kansu kamfanonin suke sayen inshora a wurin manyan kamfanonin duniya, don kar damina ɗaya ta durƙusar da su.

Kuma gaskiyar magana, inshorar noma ba ta cika tsayawa da ƙafarta ba sai da hannun gwamnati, ko a ƙasashe masu arziki. Amurka tun 1938 ta kafa hukumar inshorar amfanin gona bayan farin da ya addabe ta a shekarun 1930, kuma har yau gwamnati ce ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin da manomi ya kamata ya zuba. Indiya ta ƙaddamar da nata babban shirin a 2016, manomi yana biyan kashi 2 cikin 100 na darajar abin da aka yi wa inshora a noman damina, kashi 1.5 a na hunturu, kashi 5 a amfanin kasuwa da na lambu, sauran gwamnatin tarayya da jihohi su cike. Najeriya ma tana da nata shirin tun 1987, wanda hukumar inshorar noma ta NAIC ke riƙe da shi. To in manomin Amurka mai tarakta da injin girbi ana tallafa masa haka, ban ga dalilin da za a ce mai fartanya ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Kuɗin da ake kashewa wajen rabon kayan agaji bayan ɓarna ta auku, wanda sau da yawa ba duka ke isa hannun masu bukata ba, da an karkatar da wani kaso nasa wajen biya wa ƙananan manoma inshora da ya fi kai wa ga masu shi.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya nutsu, don inshorar ba iri ɗaya ba ce. Akwai tsohon tsari, wanda in ka yi asara ka kai rahoto, kamfani ya turo ma'aikaci ya zo ya ga gonar da idonsa ya ƙiyasta ɓarnar a biya ka. A baki ya fi adalci, amma ka yi tunanin gonaki dubu-dubu 'yan kadada ɗaya ko biyu warwatse cikin daji, kuɗin man da zai kai ma'aikacin gona ɗaya ma ya kusa cinye abin da manomin ya zuba, kafin ya iso kuma wata biyu sun wuce dabbobi sun cinye shaidar. Sannan akwai zargi ta kowane ɓangare, kamfani yana ganin wanda ya san gonarsa a bakin kogi take shi ne zai fara rugowa ya shiga, wani kuma da ya ji yana da inshora sai ya yi sakaci da noma da feshi, shi kuma manomi yana ganin ma'aikacin da gangan ya rage ƙiyasin. Wannan tsarin ya fi dacewa da manyan gonaki da masu kiwon kaji da shanun madara da ke wuri ɗaya a killace.

Sai sabon tsari, wanda ba a zuwa gonar kowa. Ana kafa ma'auni ne tun farko, misali a ce in ruwan da ya sauka a yankinku daga shuka zuwa fitar kai bai kai kaza ba za a biya duk wanda ya shiga, ko kuma a zaɓi wasu gonaki a gunduma a auna ɗan fili a kowace, a girbe a sussuke a ɗora a sikeli a gaban shaidu, in matsakaicin amfanin gundumar ya faɗi ƙasa da yadda aka saba a biya kowa. A Kenya cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta fara irin wannan ga makiyaya a Marsabit a 2010, tauraron ɗan'adam ke duba koren ciyawa daga sama, in ya nuna wurin kiwo ya bushe fiye da kima sai a biya, a 2012 aka kai shi yankin Borana na Habasha. Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da suka yi daga baya, da farko sai dabbobi sun mutu ake biya, sai suka dawo suna biya tun fari na somawa, don mutum ya sayi abincin dabbobi da ruwa da magani ya ceci garken da ransa. Wannan shi ne hankali, ciyar da saniya wata biyu ya fi sayen wata araha nesa ba kusa ba, balle wadda ka raina da hannunka ka san uwarta ka san kakarta. Mongoliya ma bayan tsananin sanyin da ya kashe musu dabbobi kusan miliyan 11 tsakanin 1999 da 2002 sun fara nasu a 2006, su da yawan dabbobin da suka mutu a gunduma suke aunawa.

Amma fa wannan tsarin yana da rami, kuma masu tallarsa ba su cika faɗa ba, wanda ni a wurina rashin gaskiya ne. Ma'aunin ruwan yana iya kasancewa kilomita ashirin daga gonarka, can a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, nan wurinka hadari ya taso iska ta kore shi, duk manomi ya san ruwa kan raba gona biyu ma. Kwamfuta ta ce an yi damina lafiya, kai kuma gonarka ta ƙone, ba ko sisi, kuma ba wanda ya cuce ka a takarda tunda haka yarjejeniyar ta ce. Ko ƙasa sukutum abin ya taɓa samu. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta kafa asusun inshorar bala'o'i na ARC a 2012, a 2015 ya biya Nijar da Senegal da Muritaniya sama da dala miliyan 26 saboda fari, abu ya yi kyau. Amma a 2016 Malawi ta yi mummunan fari, mutane miliyoyi na neman abinci, na'urar lissafin ta ce abin bai kai a biya ba. Da aka bincika sai aka gano an saka mata masara mai daɗewa a gona, alhali manoma sun koma shuka mai saurin nuna, aka gyara aka biya su dala miliyan 8.1 a farkon 2017, bayan an riga an sha wuya. In gwamnati mai ƙwararru da lauyoyi ta faɗa wannan ramin, ina ga ɗan ƙauyen da aka karanta wa takarda a tsaitsaye? Don haka duk wanda zai sayar da irin wannan inshorar ya gaya wa mutane ƙarara cewa ruwan yanki aka yi wa inshora ba gonarka ba, a nuna musu inda ma'aunin yake, a riƙa sanar da adadin ruwan da aka auna duk sati ta rediyo ko ta waya, wanda ya yarda ya shiga da saninsa.

Sai batun addini, wanda na san shi ne ke zuciyar masu karatu da yawa ko ba su furta ba. Wasu na ganin inshora rashin tawakkali ce. Ni ban ga haka ba, Annabi Yusuf, alaihis salam, tanadin shekara bakwai ya sa aka yi don shekarun yunwa, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi da mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Inda malamai suka yi magana shi ne kan sigar inshorar kasuwanci, saboda rashin tabbas a ciniki (garari) da kuɗin ruwa da kamannin caca da ke cikinta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1985 ta hana waccan ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, inda abin da kowa ya zuba gudummawa ce ga asusun 'yan'uwa, kamfani wakili ne kawai mai ɗaukar ladan aikinsa, in an samu rara kuma ta masu asusun ce. Sudan ta kafa kamfanin farko na irin wannan tun 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, kuma a Wajir ta Kenya makiyaya Musulmi ta hanyar takaful suka shiga inshorar dabbobin nan da na ambata. Kenan hanya tana nan, abin da ya rage a kawo ta kusa da manomi, a kuma sa malaman da ya yarda da su su duba su yi masa bayani.

Abin da ke ɓata min rai kuwa shi ne inshorar da ake liƙa wa bashin noma. Mutum ya karɓi rance, an cire kuɗin inshora tun daga tushe bai ma sani ba, ba takarda a hannunsa ba lambar da zai kira, ranar da gona ta lalace in ma an biya diyyar banki ce za ta karɓa ta rufe bashinta, shi ya tashi hannu rabbana. Ban ce ba ta da amfani ba, sauke wa mutum bashi ba ƙaramin abu ba ne, amma a kira abin da sunansa, banki aka kare, ba guminsa da abincin iyalinsa ba. Indiya ma da tilas ne ga duk mai bashin noma, ƙorafi ya yi yawa har a 2020 suka mayar da shi ganin dama.

Masu dabbobi kuma su kula da ƙananan sharuɗɗa, don a nan ake zamewa. Galibi sai an maƙala wa dabba lamba a kunne an ɗauki hotonta, in lambar ta faɗi ba ka sanar ba ranar da ta mutu a ce ba ita ba ce. Sai kana da shaidar rigakafi, ta ciwon huhu da sauransu. Akwai kwanakin jira bayan ka shiga waɗanda in dabba ta mutu a ciki ba a biya, don gudun kar a kawo mai ciwo. In ta mutu akwai wa'adin kai rahoto, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ne, kuma likitan dabbobi sai ya ga gawar, to kai kuma da ka ga saniya za ta mutu ka yi maza ka sa mata wuƙa don kar ta zama mushe, me takardar ta ce a kan wannan? Ka tambaya tun kafin ka zuba kuɗinka. Sata fa, tana ciki ko ba ta ciki? In ka tafi mashekari da garken ka bar yankin da aka rubuta, inshorar tana bin ka? Haka mai gona, ya tambaya ko ambaliya da ƙwari da ƙanƙara da gobara suna ciki ko fari ne kaɗai, kaso nawa na asarar zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya fara biya, kwana nawa diyya take ɗauka, kuma in an ƙi biyansa gaban wa zai kai ƙara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Diyyar da ta zo bayan an sayar da shanun huɗa kuma an wuce lokacin shuka ta riga ta rasa rabin amfaninta.

Kuma kar wani ya ɗauka da ya shiga shi ke nan ya huta. Inshora ba ta biyan faɗuwar farashi a yawancin tsare-tsare, ba ta biyan lalaci, ba ta maye gurbin rumbu da haɗa shuka iri biyu uku a gona da ajiye harawa da yi wa dabbobi allura. Ƙaramar asarar da ake yi kusan duk shekara wannan tanadin mutum ne zai tare ta, in aka ce inshora ta biya irin wannan kuɗinta zai yi tsadar da ba mai iya saye. Ita aikinta babbar shekarar nan ce da ke zuwa jefi-jefi ta tafi da komai. Wanda ya zuba shekara uku lafiya lau bai karɓi komai ba ya ce an ci kuɗinsa, to ya tuna kuɗin nan ne aka biya wani da shi a wani yankin, kuma shekarar da ya fita tana iya zama ita ce shekarar.

Wata matsalar ita ce lokacin biya. Ana neman kuɗin inshora daidai lokacin shuka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowane sisi na taki ne, wa zai iya? An gwada da manoman rake a Kenya, da aka ce a biya nan take kashi 5 cikin 100 ne suka shiga, da aka ce a cire bayan girbi sai kashi 72 suka shiga, inshora ɗaya farashi ɗaya. A yankin Tigray na Habasha tun 2009 aka bar talakawa su biya da aikin ƙarfi, su yi aikin tare zaizayar ƙasa da dashen itatuwa a madadin kuɗi. A Kenya kuma an yi wadda ake sa kati a cikin buhun iri, ka tura lambar ta waya ranar da ka shuka, in ruwa ya ɗauke a makonni ukun farko a dawo maka da kuɗin irin ta waya ka sake shuka damina ba ta wuce ka ba. Dabaru suna nan birjik, an gwada an ga suna aiki, ƙungiyoyin manoma da na makiyaya su ne ya kamata su zauna da kamfanoni su nemi irin waɗannan a ƙungiyance, don mutum ɗaya ba ya da bakin ciniki da kamfani, mutum dubu biyar kuwa dole a saurare su.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku sa wakilanku su bi wannan batu kamar yadda suke bin siyasa. Ku nemi kamfanonin inshora da hukumomin da ke sa musu ido su fito da alƙaluma duk ƙarshen damina, manoma nawa suka shiga, nawa aka tara, nawa aka biya, mutum nawa aka ƙi biya kuma saboda me, diyyar kwana nawa ta ɗauka. Ku samo takardar yarjejeniya guda ta amfanin gona guda ta dabbobi ku buga su da harshen da manomi ke ji, sharaɗi bayan sharaɗi, har da ƙananan rubutun nan na ƙasa, kuma ku yi hakan tun da bazara kafin a fara shuka.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum